Amsa ga Mai Takardar Tambaya

Ka zo da takarda mai layi goma, Nafi'u,
wai masu bincike na so su san
me ya kamata a fara dubawa
don mutanen da ke aiki ɗaya daga nesa.
Zauna tukuna. Ga ruwa.
Layukanka sun yi kaɗan.

Mu huɗu ne muke tattara sunayen irin gero
kafin tsofaffin da suka san su su ƙare:
ni a nan Ƙofar Marusa,
Barira a Mashi, tana bin rumbuna da wayarta,
Lurwanu a Maraɗi,
sai Tanimu can Malesiya,
wanda azahar ɗinmu ke tarar da shi bayan isha.

Fara da shiru.
In na aika magana, kwana biyu babu amsa,
ban san ko fushi ne ba, ko wuta aka ɗauke,
ko data ce ta ƙare, ko rasuwa aka yi.
Akwai makon da na ƙullaci Barira,
har na shirya maganar da zan yaɓa mata,
ashe tana asibiti a kan benci
da autanta a cinya.
Ku nemo mana abin da zai raba shiru da shiru.

Sai murya.
Tsoho Mati ba ya rubutu, magana yake yi,
minti tara, da tari a tsakiya,
da akuya tana kuka a bayansa.
In ina neman inda ya ce wuyan bijimi
dole in koma tun daga sallama,
in sake jin gajiya da iyali da ya ruwa.
Ku koya wa na'urarku kunne irin na jika.
Hausar labaran rediyo ba za ta kai ta bakin rumbu ba.

Ga wata ƙarama, kada ka yi dariya:
Lurwanu ya rubuta baƙi, ya iso mini baki.
Lanƙwasa ɗaya ta faɗi a hanya,
muka kwana uku muna gardama
a kan geron da babu shi.

Ranar Laraba ni da Tanimu muka gyara layi guda,
ni da rana, shi da dare.
Da gari ya waye nawa ya ɓace.
Ni na ji daga bakin mai gonar,
shi kuwa layin wayarsa ba ya yankewa.
Rubuta wannan da manyan baƙaƙe:
in biyu sun saɓa, kada mai ƙarfin sabis ya ci.

Kuma wa ya yi aikin?
Barira ce ke cire takalmi a ƙofar gidaje,
ita ke shan rana, ita ke biyan ɗan acaɓa,
amma allon yana nuna sunan wanda ya ɗora.
Ita ta yi noma, ni na ɗaure dami,
aka ce damina.

Na san layi na goma na jiran babbar kalma.
Ba ni da ita.
Shekara biyu ke nan ban taɓa ganin Tanimu ba,
amma na san yadda yake jan numfashi
in zai ce bai yarda ba.
Yadda hakan ya samu tsakaninmu, ban sani ba.
In kun auna shi, ku yi a hankali,
kamar mai buɗe tukunyar iri.

Tsaya, wayata ta motsa.
Barira ce. Tana cewa ta samo wani tsoho a Doguru
mai zangarniya bakwai a rataye cikin ɗaki,
in kira ta maza kafin ya tafi kasuwa.

Duba kwanan watan, Nafi'u.
Saƙon Litinin ne.
Yau Alhamis.